Citta, Asibiti da Bashi: Me Za Mu Tambayi Ɗan Majalisarmu?

Muna gaida mutanen Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa, muna gaida na Kachia da Kubacha da Gwantu da Manchok da Godogodo, har da waɗanda ke jin mu daga cikin gona. Samari da 'yan mata, ku matso kusa da rediyo, domin bashin da za mu yi maganarsa yau ku ne za ku ƙarasa biyansa.

Duk wanda ya taɓa wakiltar karkara a majalisa, ta jiha ko ta tarayya, ya san abin da ke jiransa a ƙofar gida da sassafe. Ga mai takardar asibiti a hannu, matarsa na kwance ana jiran kuɗin tiyata. Ga wanda damina ta kama bai sayi taki ba. Ga dattijon da mai bin bashi ya hana shi barci. Mutanen nan ba maroƙa ba ne, manoma ne masu zuciyar nema, kuma sau da yawa ukun nan mutum ɗaya ne a lokuta daban-daban na shekara. Abin da nake so mu duba a wannan shiri shi ne yadda lafiya da bashi da noma suka sarƙe da juna a Kudancin Kaduna, da kuma irin aikin da ya kamata mu nema daga wanda muka tura majalisa, wanda ya wuce ambulan ɗin da yake miƙawa a zaure.

Mu fara da citta, tunda ita ce uwar tattalin arzikin wannan yanki. Tun shekarun 1920 ake noma ta don sayarwa a ƙasar Jaba da kewaye, kuma layin dogo da ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927 ya taimaka wajen fitar da amfanin gonar yankin zuwa bakin teku. Da irin da ake kira tafin giwa da wanda ake kira yatsun biri, cittar Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a ce ta sa sunan Najeriya cikin manyan ƙasashen da ke noma citta a duniya, kuma 'yan kasuwar waje na son ta saboda yajinta da yawan manta. Da kuɗinta aka yi rufin kwano, aka biya kuɗin makaranta, aka yi aure, aka sallami asibiti. A gidaje da yawa buhun busasshiyar citta shi ne asusun ajiya: ana adana shi, in lalura ta taso a fitar da ɗaya a kai kasuwa.

Sai daminar 2023. Ganye ya fara yin ɗorawa, ya bushe kamar an bi shi da wuta, in ka tona ƙasa ka tarar da saiwar ta ruɓe. Masana suka ce cuta ce irin ta funfuna. Ta bi gona-gona, ƙauye-ƙauye, cikin 'yan makonni. Ma'aikatar noma ta tarayya ta ƙiyasta asarar da sama da naira biliyan 12. Amma akwai asarar da wannan lissafi bai iya ɗauka ba, kuma duk manomin citta ya san ta. Citta ba ta da iri irin na masara da za ka saya a leda. Irinta jikinta ne. Abin da ka haƙa bana, daga ciki kake ware na shukar baɗi. To annobar ta ci amfanin shekara, ta kuma haɗa da irin shekara mai zuwa. Wanda ya tsira da ɗan kaɗan yana tsoron shukawa, wanda bai tsira da komai ba ya je kasuwa ya tarar farashin iri ya fi ƙarfinsa.

Yanzu ku tuna yadda ake noman nan. Citta tana cin kuɗi kafin ta ba da kuɗi: gyaran gona, sayen iri, shuka a Afrilu ko Mayu, rufe ta da ganye, taki, ciran ciyawa da hannu sau da sau, sannan haƙa da tsagawa da shanya. Kaɗan ne ke yin wannan duka da kuɗin aljihunsu. Wani adashi ya ɗauka, wani ƙungiyar coci ko ta unguwa ta ranta masa, wani ɗan kasuwa ne ya ba shi kuɗi da sharaɗin zai biya da buhu in kaka ta yi, wani kuma bashi da ruwa ya ci. Da cittar ta mutu, bashin bai mutu ba. Mutane suka sayar da awaki da babura, wasu suka jinginar da gona, wasu yara suka zauna a gida zango guda ko fiye.

Sanatan Kaduna ta Kudu, Sunday Marshall Katung, wanda ya taɓa wakiltar Zangon Kataf da Jaba a majalisar wakilai, ya kai kukan manoman citta zauren majalisar dattawa. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da annobar, kuma a 2024 asusun bunƙasa noma na ƙasa ya sanar da tallafin naira biliyan 1.6. An gode. Amma ku ajiye biliyan 1.6 kusa da biliyan 12, za ku ga ratar da ke tsakani. Kuma ni a ganina ba yawan kuɗin ne babbar tambaya ba. Tambayar ita ce: ina za a samu iri mai tsabta wanda aka tabbatar ba ya ɗauke da cutar? Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya ita ke da alhakin binciken citta a ƙasar nan. Jami'ar Jihar Kaduna tana da tsangayar aikin gona a nan Kafanchan. A 2025 an kafa jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace a Kachia, a tsakiyar ƙasar citta. Ya kamata a ce akwai gonakin ninka iri a kowace ƙaramar hukumar da ke noma citta, da malaman gona da za su shiga ƙauye su nuna wa mutane yadda ake wanke iri da magani kafin shuka, da hutar da gonar da cutar ta taɓa, da gyara kunya don kada ruwa ya kwanta. Wannan aiki ne na kasafin kuɗi, kuma kasafin kuɗi a hannun 'yan majalisa yake bi.

Akwai kuma inshorar gona. Ƙasar nan tana da hukumar inshorar aikin gona, wadda aka kafa don irin wannan rana. Ku tambayi maƙwabtanku, mutum nawa ne cikinsu ya taɓa ganin jami'inta? Da a ce duk rancen noma da aka bayar yana tafe da inshora, da annobar 2023 ta zama mummunar shekara kawai, ba rugujewar gida ba.

Manufofin noma na Abuja ma sun cancanci a dube su da idon manomi. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi. An raba sama da naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa bai dawo ba, kuma sabon shugabancin bankin ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye bayan 2023. Wasu sun ci rancen da niyyar ba za su biya ba, sun ɗauke shi rabonsu na gwamnati, kuma sun cuci manomi na gaskiya, domin yanzu ƙofar ta rufe ga kowa. Sannan a Yulin 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 don farashin abinci ya sauko. Mai saye a birni ya samu sauƙi, kuma ba wanda ke baƙin ciki da sauƙin talaka. Amma manomin da ya gudu daga citta ya koma masara ya sayi taki da tsada, ya zo kaka ya tarar farashin masara ya faɗi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafi ga noma, suka sabunta shi a Malabo a 2014. Kasafin tarayyar Najeriya bai kusanci wannan ba. Wakilin karkara da bai ɗaga murya kan wannan ba, me ya je yi?

Mu juya ga lafiya. A Najeriya, sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan magani daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa kai tsaye. Ma'anar wannan a ƙauye ita ce, ciwo da bashi tare suke shigowa gida. Naƙuda ta yi gardama da tsakar dare a wani ƙauye na Sanga ko Kauru. A nemi babur ko mota, ga hanya ta lalace, ga tsoron masu garkuwa da mutane. A isa ƙaramin asibiti, a ce sai babba. A isa babba, a ce a kawo kuɗin jini da na tiyata da na magani. In abin ya fi ƙarfinsu, sai Jos ko Kaduna ko Shika ko Keffi ko Gwagwalada. Kafin mace ta tashi daga gadon, an sayar da abin da aka tanada don damina. A shekarar da citta ta mutu kuwa, babu ma abin sayarwar. Mutane da yawa sun tsaya a kemis, ko sun jinkirta zuwa asibiti har ciwo ya ci jiki. A 2023 ɗin ce kuma, cikin Yuli, cutar mashaƙo ta ɓulla a Kafanchan ta ɗauke yara, cutar da allurar rigakafi ke hanawa.

Shekara da shekaru mutanen yankin nan suna neman babban asibitin tarayya. Sanata Katung ya gabatar da ƙudurin kafa cibiyar lafiya ta tarayya a Kafanchan, Shugaba Bola Tinubu ya sa masa hannu a 2025, gwamnatin jiha kuma ta ba da asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa don ya zama mazauninta. Sunan nan yana da nauyi a zukatanmu: ɗan Fadan Kagoma, gwamnan jihar nan daga 2010 har ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ranar 15 ga Disamban 2012. Samun wannan cibiya nasara ce ta gaske, kuma misali ne na abin da ɗan majalisa zai iya yi wanda attajiri mai kyauta ba zai iya ba, wato doka. Ƙananan hukumomi takwas ne a wannan mazaɓa: Jaba, Jema'a, Kachia, Kagarko, Kaura, Kauru, Sanga da Zangon Kataf. Kowacce na da rabo a wannan asibiti.

Sai dai sa hannu a doka mafarin aiki ne. Sauya allon ƙofa ba ya kawo likitan ƙashi ko na ƙoda. Ana buƙatar a sa kuɗin cibiyar a kasafin kowace shekara, a saki kuɗin, a ɗauki ma'aikata, a ba su dalilin zama a lokacin da likitoci da ma'aikatan jinya ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada. Kuma ina so mu yi hattara da wani abu. Babban asibiti yana ɗaukar ido, amma yawancin rayukan da ake rasawa a karkara ana rasa su ne kafin a kai ga ƙofarsa. Jihar Kaduna tana da gundumomi 255, kuma manufar gwamnati ita ce kowace gunduma ta samu asibitin matakin farko mai aiki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga wani asusu na musamman domin irin waɗannan asibitoci da kuma biya wa marasa ƙarfi. Ku je na gundumarku ku gani da idonku. Akwai ungozoma da dare? Akwai ruwa? Firijin rigakafi yana aiki? Akwai maganin dafin maciji, ko an san inda za a tura wanda maciji ya sara? Muna da kwalejin koyon jinya da ungozoma a nan Kafanchan, 'ya'yanmu ne ke fitowa daga cikinta. Nawa aka ɗauka aiki aka tura ƙauyukanmu?

Jihar nan tana da hukumar inshorar lafiya, KADCHMA, kuma dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Tsarin ya fi sauƙi ga mai albashi, domin a wata-wata ake cira. Manomi kuwa sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara. Me zai hana a tsara yadda ƙungiyoyin manoma za su biya wa membobinsu na shekara guda a lokacin kaka, sa'ad da kuɗi ke hannu? Ƙungiyoyin mata na zumunta da na masallatai sun riga sun iya tara kuɗi da riƙon amana. Wannan shawara ce da ɗan majalisar jiha zai iya ɗauka ya kai gaba.

To daga ina kuɗin duk wannan zai fito? Nan ne maganar bashin gwamnati ta shigo, kuma ina roƙon ku ba ni kunnuwanku, domin mutane da yawa suna ɗauka wannan magana ce ta manya a Kaduna da Abuja. A 2017 Bankin Duniya ya amince ya ranta wa Jihar Kaduna dala miliyan 350. A Maris na 2018 majalisar dattawa ta ƙi amincewa, kuma sanatocin jihar uku na lokacin, Shehu Sani da Suleiman Hunkuyi da Danjuma La'ah na Kaduna ta Kudu, duk sun tsaya kan cewa bashin ya yi wa jihar nauyi. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ce kuɗin na ayyukan raya ƙasa ne, ruwansa kaɗan ne, lokacin biyansa mai tsawo ne. Majalisar da ta biyo baya ta amince. A ƙarshen Maris na 2024, Gwamna Uba Sani ya faɗa a taron jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, ban da kwangiloli 115 da ba a kammala biya ba. Ya ce a wannan watan, cikin naira biliyan 10 na kason jihar daga asusun tarayya, an cire biliyan 7 don biyan bashi, alhali albashin wata ya kai biliyan 5.2.

Ba na nan don in yanke hukunci tsakanin 'yan siyasa. Abin da nake so ku fahimta shi ne yadda abin ke aiki. Bashin waje da dala ake cinsa, da dala ake biyansa, jiha kuwa naira take samu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Farkon 2024 ta haura 1,500. Ke nan dala miliyan ɗaya da a da ake biya da naira miliyan 460, a farkon 2024 sai an nemo biliyan ɗaya da rabi, ba tare da an ƙara cin ko sisi ba. Kuma tun daga Abuja ake cirewa kafin kuɗin ya iso jiha. Abin da ya rage shi za a raba wa albashi da makarantu da hanyoyi da magani da taki. Jihar Kaduna tana cikin jihohin da ke rubuta kashi 15 cikin ɗari ko fiye ga lafiya a kasafinsu, kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001. Amma abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban, kuma in kuɗi ya yi ƙaranci, asibitin ƙauye da malamin gona su ne ake fara mantawa da su, domin muryarsu ba ta kai gidan gwamnati.

Bashi ba haram ba ne ga gwamnati. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce a ci shi don ayyukan gina ƙasa da gina ɗan Adam, kuma a kan sharuɗɗa masu sauƙi. Najeriya ta taɓa fita daga ƙangin bashi a 2005, lokacin da ƙasashen ƙungiyar Paris suka yafe mata dala biliyan 18 ta biya biliyan 12, sai ga shi mun sake komawa. Tambayar da ta shafe mu ita ce: tunda manomin Kubacha da na Jagindi suna cikin masu biya, me aka yi musu da kuɗin? In an ci bashi an yi hanyar da za ta fitar da citta da doya da acca daga ƙauye, ko an farfaɗo da masana'antar sarrafa citta ta Kachia don mu daina sayar da ita ɗanya da araha, bashin zai iya biyan kansa. In kuwa duk ya ƙare a babban birni, an ɗora wa karkara kayan da ba nata ba.

Majalisar dokokin Jihar Kaduna tana da kujeru 34. Gwamna yana neman amincewarta kafin cin bashi, ba ya kashe kuɗi sai da kasafin da ta zartar, kuma sashe na 128 na tsarin mulki ya ba ta ikon binciken yadda aka kashe. Sashe na 88 ya ba majalisar tarayya irin wannan iko. Wannan shi ne aikin da muka ɗauke su yi. Mu ma muna da laifi a nan, 'yan'uwa. Muna auna ɗan majalisa da yawan buhunan shinkafar Kirsimeti da ta Sallah, da kuɗin asibitin da ya biya wa wane da wance. Ba na raina taimako, wanda aka ceci matarsa ba zai manta ba. Amma ambulan tana isa ga wanda ya san hanyar gidan ne kawai. Gwauruwar da ke can bayan dutse ba ta da kuɗin motar zuwa. Ita doka da kasafi ne kawai za su iya kaiwa gare ta.

Saboda haka in wakilinku ya zo gida, ku tarbe shi da mutunci, ku zaunar da shi gaban hakimi da dagatai da shugabannin addini da mata da matasa, ku tambaye shi. Ranka ya daɗe, nawa aka sa wa asibitin gundumarmu a kasafin bana, nawa aka saki? Da aka kawo maganar rance zauren majalisa, me ka ce, kuma wane aiki ne a cikinsa ya shafi mazaɓarmu? Tallafin citta da aka sanar, ina jerin sunayen waɗanda suka samu? Yaushe malamin gona zai zo mana? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi irin waɗannan bayanai. Ku haɗa da shugaban ƙaramar hukuma da kansila, tunda kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma asibitin matakin farko yana cikin abin da ya rataya a wuyansu. Kowace gunduma ya kamata ta kasance da kwamitin ci gaba da ke sa ido kan asibitinta. In naku ya daina zama, ku tayar da shi, ku sa mata a ciki, domin su ne suka fi kowa sanin daren da aka buga ƙofar asibiti ba a samu kowa ba.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu zauna kan irin citta kaɗai: yadda ake gane mai lafiya, yadda ake adana shi, da abin da za a shuka a gonar da ake hutarwa. Ku gaya wa maƙwabta su kasance tare da mu.